Malam Bello Kagara: Ɗan gudun hijirar da ya koyar da waɗanda suka mulki Arewa

Yawancin matasan yau sun fara jin sunan Kagara ne a daren 17 ga Fabrairun 2021, lokacin da 'yan bindiga suka kutsa Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke garin, suka harbe ɗalibi guda, suka tasa ƙeyar mutum 42 zuwa daji, 27 daga cikinsu ɗalibai. Shekara ɗari cif kafin wannan dare, wani malami mai ɗauke da sunan garin ya kama aiki a makarantar da Turawa suka gina domin tace yaran Arewa mafiya hazaƙa. Shi ne Malam Muhammadu Bello Kagara, wanda a ajinsa Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka zauna suna ɗaukar darasi.

An haife shi a 1890, a gidan malanta da alƙalanci. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, alƙali ne a ƙasar Kwantagora a zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, sarkin da hare-harensa suka hana Gwarawa da Kamukawa barci har zuwa ƙasar Birnin Gwari. A farkon 1901 sojojin Turawa suka ci Kwantagora, sarki ya fice da jama'arsa ya nufi ƙasar Zazzau, iyalan alƙali kuma suna cikin ayarin. Bello yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Abin da ya fara sani game da Bature ke nan: mutumin da ya tashe su daga gida. Da ƙura ta lafa, iyalin suka zauna a Kagara, garin da ke maƙwabtaka da dazuzzukan Birnin Gwari, kuma daga nan sunan ya bi shi.

Sai da ya yi nisa a karatun allo da na littattafai a gaban mahaifinsa, yana kimanin shekara ashirin, sannan ya shiga makarantar Nasarawa da ke Kano a 1910. Wannan ce makarantar da Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe a 1909. Ba kowa ake ɗauka ba. Akwai ajin 'ya'yan sarakuna, akwai na malaman da ake son a koya musu rubutun boko da lissafi domin su koma larduna su koyar, akwai kuma sashen sana'ar hannu. A lokacin, uban da ya miƙa ɗansa ga boko yana fuskantar zargin ya sayar da shi ga Nasara. Alƙalin da Turawa suka kora daga Kwantagora shekara tara da suka wuce ya yarda ɗansa ya tafi. Bello ya gama a 1914, ya koyar a makarantar lardi ta Zariya, har zuwa 1921 da aka kira shi Katsina.

Ya kamata a tsaya a fahimci irin makarantar da ya shiga. An kafa Kwalejin Katsina domin horar da malaman da za su riƙe makarantun larduna. Ta karɓi ɗalibanta na farko a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922. An zaɓi Katsina saboda sunanta a ilmi tun zamanin da, da kuma nisanta daga layin dogo da abin da jirgin ƙasa ke ɗaukowa daga Kudu: jaridun Legas, lauyoyi, da 'yan boko masu ja-in-ja da gwamnati. Karatun na shekara biyar ne, da Turanci, kuma an matsa wa yaran a kan lafazi matuƙa; duk wanda ya taɓa sauraron muryar Tafawa Ɓalewa a faifai ya ji sakamakon. Shugabancin makarantar da manyan darussan boko suna hannun Turawa. Larabci da addini ne aka damƙa wa Malam Bello, wanda ake lissafa shi ɗan Arewa na farko cikin malaman kwalejin.

A takarda, matsayinsa na ƙasa ne. A zahiri, da wuya makarantar ta tsaya da ƙafarta ba tare da irinsa ba. Sarki ko hakimin da zai saki ɗansa shekara biyar a hannun Bature yana bukatar tabbacin cewa yaron zai dawo yana salla, bai manta da nahawu da fiƙihu ba, bai kuma raina gidansu ba. Ɗan alƙali mai rawani, wanda ya san boko ya kuma san littattafan malamai, shi ne wannan tabbacin. Aikinsa na aji koyar da Larabci ne, amma aikin da ya fi nauyi shi ne tsayawa tsakanin yara masu kaifin ƙwaƙwalwa da ke ganin duniyar iyayensu tana ƙanƙancewa a idonsu, da iyayen da ke tsoron hakan.

Sai dai wane ne mai hazaƙa, kuma wa ya ce shi ne? Yaro ba ya isa Katsina sai ya bi ta makarantar lardi, ba ya shiga makarantar lardi sai hukumar gargajiya da jami'in Bature sun nuna shi. Saboda haka tankaɗen ya fi tara 'ya'yan sarauta, na malaman fada, da na barorin sarki. Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931, jinin Shehu Usmanu ne. Tafawa Ɓalewa, daga 1928 zuwa 1933, ba ɗan sarauta ba ne, amma mahaifinsa yana hidima a gidan hakimi. Mace ba ta cikin lissafi. Wanda ba Musulmi ba ma haka. Ɗan manomin da ke ƙauyukan daji, wanda ba shi da kowa a fada, babu wanda ya je ya gwada ƙwaƙwalwarsa balle a ce ta gaza. Ko ƙanen Malam Bello, Abubakar Imam, da aka haifa a Kagara a 1911, ya samu shiga kwalejin a 1927 ne bayan yayansa ya ɗauko shi zuwa Katsina. Hazaƙar Imam ba abin musu ba ce, Magana Jari Ce shaida ce. Tambayar ita ce yara nawa irinsa suka tsufa a gona saboda ba su da wa a Katsina.

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Littattafai biyar aka buga daga cikinta, uku kuma daga tsatso ɗaya suka fito: Ganɗoki na Malam Bello, Ruwan Bagaja na ƙanensa, da Shaihu Umar na ɗalibinsa Tafawa Ɓalewa. Wannan kaɗai ya nuna ƙanƙantar da'irar da ake kira 'yan bokon Arewa a lokacin.

Ganɗoki ne wurin da za a ji muryarsa. Jarumin littafin barden Kwantagora ne da ya yaƙi Turawa, ya bi masu hijira zuwa gabas, ya faɗa duniyar aljanu yana ta cin yaƙi, sannan ya dawo gida ya tarar da ƙasa a hannun waɗanda ya yaƙa, ya kuma zauna lafiya da sabon zamani. Masu nazari sun daɗe suna gardama a kan wannan ƙarshe. Wasu na ganin miƙa wuya ne, domin Bature ne alƙalin gasar kuma shi zai buga littafin. Ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne rabin farko. Ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ya ɗauki alƙalami ya mayar da waɗanda Turawa suka kira 'yan tawaye jarumai, ya sa hukumar gwamnati ta fitar da shi, aka raba wa 'yan makaranta su karanta. Yaron ayarin 1901 bai manta ba.

Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, daga baya Zariya a 1949. Shi kuwa Katsina ce ta zama gidansa. Bayan ya ajiye alli ya shiga aikin shari'a a hukumar gargajiya, sana'ar mahaifinsa, har aka naɗa shi Walin Katsina. Ya rubuta tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka buga a 1951. Ya rayu ya ga ɗalibansa sun zama Firimiyan Arewa da Firayim Ministan Nijeriya, ya kuma ji labarin kashe su biyun a juyin mulkin Janairun 1966.

Tunanin ware yara masu baiwa bai mutu da Turawa ba. Gwamnatin tarayya ta buɗe makarantar masu hazaƙa a Suleja a 1990, inda jarrabawa ta maye gurbin yatsan hakimi. Amma jarrabawa tana bukatar yaron da ya gama firamare, firamare kuma tana bukatar malamin da zai iya kwana a ƙauyen. A mazaɓar Kazage da sauran gabashin Birnin Gwari, shekarun hare-haren 'yan bindiga da 'yan Ansaru sun tashi garuruwa irin su Damari, sun kori malamai, sun bar azuzuwa a rufe. Sulhun da gwamnatin Kaduna ta ƙulla a ƙarshen 2024 ya buɗe kasuwanni da hanyoyi, sai dai yaron da ya rasa aji uku zuwa aji shida bai da takardar da zai nuna a Suleja.

Malam Bello Kagara ya rasu a 1971, shekarar da kwalejin da ya koyar a cikinta ta ɗauki sunan Barewa. Tsohon gininta na ƙasa a Katsina yana nan, an mayar da shi gidan adana kayan tarihi.