Amir Abdulƙadir na Aljeriya: Malamin da Ya Ƙera Makamansa, Ya Riƙe Sojojinsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa, yau za mu waiwayi rayuwar Amir Abdulƙadir ɗan Muhyiddin, wanda ya yi shekara 15 yana kare Aljeriya daga mamayar Faransa. Da yawa daga cikinmu mun san shi da jarumta da ilmi. Abin da ba mu cika ambata ba shi ne yadda ya tsara rundunarsa a kan abubuwa biyu: a ƙera makami a gida, kuma kada a yar da wanda ya ba da jininsa.

An haife shi a 1808 a ƙauyen Ƙaiɗana kusa da garin Mu'askar, a yammacin Aljeriya. Mahaifinsa shehi ne na ɗariƙar Ƙadiriyya, wadda mu ma muka sani a ƙasashenmu. Ya haddace Alƙur'ani tun yana yaro, ya yi fiƙihu da hadisi, ya iya hawan doki. Yana saurayi ya raka mahaifinsa aikin Hajji, suka ziyarci Dimashƙu da Bagadaza, suka kuma ratsa Misra, inda Muhammadu Ali Basha yake gina sabuwar runduna da masana'antu.

A 1830 Faransawa suka kama birnin Aljaza'ir. A watan Nuwamba 1832 ƙabilun yamma suka yi wa Abdulƙadir mubaya'a a ƙarƙashin wata bishiya a filin Garis, yana ɗan shekara 24. Nan da nan ya lura cewa mayaƙan ƙabilu suna zuwa ne su tafi, in lokacin shuka ko girbi ya yi sai kowa ya koma gonarsa. Sai ya kafa runduna ta dindindin mai albashi da kaki da muƙamai: 'yan ƙasa kimanin 8,000 da mahaya dawaki kimanin 2,000, da wasu 'yan ɗaruruwa masu harba igwa.

Matsala ta biyu ita ce makami. Da farko bindigogi da albarushi ta Maroko da Jibralta suke shigowa, wasu ma daga hannun Faransawan yake sayensu a lokacin sulhu. Ya gane cewa wanda yake sayar maka da harsashi yau zai iya rufe ƙofa gobe. Don haka bai ɓata lokacin sararin da ya samu bayan yarjejeniyar 1834 da ta Tafna a 1837 ba. Ya gina Taƙdamt kusa da Tiyarat, ya sa maƙerar bindigogi da gidan buga kuɗi a cikinta. Ya kafa maƙerar igwa a Tilimsan, da ta bindigogi a Miliyana, inda ake haƙo tama daga dutsen Zakkar. Ana kuma haɗa albarushi a garuruwa da dama. Bai ji kunyar ɗauko gwanaye daga Turai ya biya su ba, domin su yi aiki kuma 'ya'yan ƙasa su koya.

Wannan aiki fiƙihu ne a wurinsa. Aya ta 60 a Suratul Anfal ta umurci muminai da tanadin ƙarfi gwargwadon iko, kuma a cikin Sunan Abi Dawud akwai hadisin da ya haɗa mai ƙera kibiya da kyakkyawar niyya da mai harba ta da mai miƙa ta a cikin lada guda. Ke nan maƙeri ma yana cikin sahu.

Sai batun haƙƙin soja. Dokokin rundunar an tattara su a littafin Wishahul Kata'ib na magatakardansa Ƙaddur ɗan Ruwaila. A cikinsu, sojan da rauni ya hana shi yaƙi a ƙasa amma yana iya hawan doki, a mayar da shi cikin mahaya. Wanda ya nakasa gaba ɗaya, albashinsa na nan har ya rasu. Wanda ciwo ya hana aiki, da shaidar likitoci, yana da rabin albashi. Kwamandan da ya faɗi a fagen fama, ana ci gaba da ba 'ya'yansa kuɗinsa har ɗayansu ya isa ɗaukar makami. Akwai kuma lambar girma ta azurfa ko zinariya ga wanda ya nuna bajinta. A nan Amir ya bi sawun Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, wanda ya kafa diwani ya ware wa mutanen Badar dirhami 5,000 kowanne a shekara.

Mu faɗi gaskiya, maƙerun nan ba su taɓa wadatar da rundunar ba, kuma ba su daɗe ba. Yaƙi ya dawo a 1839, Miliyana ta faɗi a 1840, Janar Bujo ya rushe Taƙdamt a 1841. Bayan Faransa ta ci Maroko da yaƙi a Isli a 1844, sarkin Maroko ya juya masa baya, abin da yake tsoro tun farko ya auku. A Disamba 1847 ya ajiye makami. An tsare shi a Faransa har 1852, ya zauna a Bursa, sannan Dimashƙu daga 1855, inda ya koyar, kuma a fitinar 1860 ya ba dubban Kiristoci mafaka. Ya rasu a 1883, aka binne shi kusa da Shehu Ibn Arabi. A 1966 aka mayar da gawarsa Aljeriya.

'Yan'uwa, ƙasashenmu na fama da matsalar tsaro, kuma kowane ɗayanmu ya san gidan da uba ya tafi bakin daga bai dawo ba, ko tsohon sojan da yake yawon neman fanshonsa da sanda. Sojan da yake kan aiki yana kallon yadda aka yi da na gabansa. Ya kamata shugabanninmu su riƙa duba abin da maƙera da maɗinka da dukawan gida za su iya yi, daga kaki da takalmi zuwa gyaran motoci, kafin su kai kuɗin talakawa waje. Mu kuma a masallatai mu san marayun sojoji da mazan jiya na unguwanninmu, mu sa su cikin zakka da ziyara.

Allah ya jiƙan Amir Abdulƙadir, ya ba ƙasashenmu zaman lafiya. Amin.