Edwin Armstrong: Yaron da ya kori "shuuu" daga rediyo

Idan ka taso a ƙauye irin namu Fulatan, can ƙasar Rogo, ka san halin rediyo da damina. Hadari ya haɗo, dattijo ya kunna akwatinsa yana laluben labarai a gajeren zango, sai walƙiya ta gilma, muryar mai labarai ta nutse cikin ƙaraf-ƙaraf da shuuu. Ya ja eriya, ya ɗaura waya a reshen darbejiya, duk a banza. Amma da ya murɗa FM ya kamo wata tashar Kano, sai ka ji murya tangaram. Ka taɓa tambayar wa ya yi wannan aikin?

Sunansa Edwin Howard Armstrong. An haife shi a birnin New York na Amurka ranar 18 ga Disamba, 1890. Yana ɗan shekara 8 wata cuta ta jijiyoyi ta kwantar da shi, har aka cire shi daga makaranta na wani lokaci. Da iyayensa suka koma Yonkers, sai ya mayar da ɗakin saman gidansu wurin haɗe-haɗe: wayoyi, batura, tarkace. Kamar dai yaran nan namu masu farke tsohuwar rediyo su ga abin da ke ciki. Har dogon ƙarfen eriya mai ƙafa 125 ya kafa a gida, yana hawa abinsa.

A 1912, yana ɗalibi a Jami'ar Columbia, ya gano cewa idan aka mayar da wani ɓangare na siginar da ta fito daga na'ura ta sake zagayowa ciki, ƙarfinta kan ninku sosai, har a ji tashoshin nesa. A 1918 kuma, yana aikin soja a Faransa, ya ƙirƙiro tsarin kamo tasha da yawancin rediyoyi suka ɗauka daga baya.

Saura babban abokin gaba: ƙarar tsawa. Ka ga, tsarin AM yana ɗora murya ne a kan hawa da saukar ƙarfin igiyar rediyo. Ita ma walƙiya ƙarfin take taɓawa, shi ya sa akwatin ba ya iya bambance su. Masana da dama sun ɗauka mafita ita ce a ƙuntata zangon. Armstrong ya bi akasin haka. Ya faɗaɗa zangon, ya ɗora muryar a kan sauyin saurin kaɗawar igiyar, sannan ya sa akwatin ya aske duk wani tsalle na ƙarfi. Ƙara ta tafi, murya ta tsaya. Wannan shi ne FM ɗin da kake ji. Ya samu takardar mallakarsa a Disamban 1933, ya nuna wa injiniyoyi a 1935, ya kuma gina tasha da kuɗinsa a Alpine, jihar New Jersey.

To, a nan labarin ya yi ɗaci. Shari'arsa da Lee de Forest kan ƙirƙirarsa ta farko ta kai Kotun Ƙoli, a 1934 aka ba de Forest gaskiya, duk da injiniyoyi da yawa ba su gamsu ba. Kamfanin RCA, wanda ya zuba dukiya a AM kuma ya sa ido kan talbijin, bai rungumi FM ba. A 1945 hukuma ta ɗauke FM daga zangonsa na farko zuwa 88 zuwa 108, lambobin da kake gani a fuskar rediyonka yau, sai akwatunan da aka riga aka sayar suka zama tarkace. A 1948 ya maka RCA a kotu. Shekaru suka ja, lauyoyi suka cinye dukiya, gida ya rikice. A farkon Fabrairun 1954, yana da shekara 63, ya halaka kansa.

Matarsa Marion ta ci gaba da shari'o'in. RCA ya biya kimanin dala miliyan ɗaya, ta kuma yi nasara a sauran, na ƙarshe a 1967. Gaskiya ta yi halinta, amma mai ita ba ya nan.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, abu biyu na ɗauka. Ƙanenka da ke kwance kayan lantarki, kar ka kira shi maɓarnaci, ka nema masa mai gyara ya koya. Sannan idan gwagwarmaya ta yi maka nauyi, ko ka ga abokinka ya yi shiru fiye da kima, a yi magana, a nemi taimako. Babu nasarar da ta kai rai.

Yau da daddare, idan ka sa abin kunne ka kamo FM a wayarka, ka tuna da yaron ɗakin sama.