Aina Onabolu, mai zanen fuska

An haifi Aina Onabolu a shekarar 1882 a garin Ijebu-Ode, cikin ƙasar Yarabawa, kudancin Nijeriya. Tun yana yaro shi dai zane yake so. In ya samu jarida ko littafin Turawa mai hotuna, sai ya zauna ya yi ta kwaikwayon abin da ya gani. Ba shi da malami. Idonshi da hannunshi ne suka koya mishi.

Da ya girma, ya kama aikin akawu a Legas. Da rana ofis, in ya tashi kuma sai zane. A lokacin nan, Turawan mulki da yawa sun ɗauka baƙar fata ba ya iya zana mutum ya fito kamar a madubi. Wannan magana ta tsaya mishi a rai. A 1906 ya zana wata mata, matar Spencer Savage, hoton da har yau ake ambato.

Fentin da masu irin wannan sana'a ke aiki da shi, fentin mai ne. Ba irin wanda muke shafa ma ƙyaure a Gazawa ko Gidan Rumji ba. Garin launi ne ake kwaɓawa da man wani iri, a shafa bisa ƙyalle da buroshi. Da farko a fidda siffar kai. Sannan a sa inuwa, wajen ƙasan haɓa da gefen hanci, daga baya a sa haske. Fentin ba ya bushewa da wuri, wani lokaci sai an jira kwanaki kafin a ƙara wani bisa. Mai gaggawa dai ɓata ƙyalle zai yi.

To, ga abin da ya fi ba ni mamaki. A 1920, yana kusa da shekara 38, ya tafi makarantar zane a Landan, ya kuma yi karatu a Paris. Babban mutum, da sunanshi, ya koma ɗalibi! Can ya koyi tsarin ƙasusuwan jiki, da yadda ake nuna nesa da kusa a hoto.

Ya komo gida a 1922. Ya shiga makarantun Legas yana koya ma yara zane. Da aikin ya yi mishi yawa, ya matsa ma gwamnati ta kawo wani malami, har aka kawo Kenneth Murray daga Ingila a 1927.

Onabolu ya rasu a Legas a 1963.