Tarihin John Ambrose Fleming, Malamin Da Ya Buɗe Ƙofar Ilmin Ilaktironik

Duk ɗalibin da ya kai babban aji yana karanta fiziks ya san ranar da malami ya sa kowa ya ɗaga hannunsa na hagu, ya miƙe babban yatsa da manuni da na tsakiya, kowanne ya fuskanci gefensa. Manuni yana nuna inda ƙarfin maganaɗisu ya dosa, na tsakiya yana nuna inda wutar lantarki ke bi, babban yatsa kuwa yana nuna inda wayar za ta motsa. Wannan ita ce ƙa'idar hannun hagu ta Fleming. Da yawanmu mun haddace ta don jarrabawa, amma ƙalilan ne suka san mai sunan. Ga tarihinsa.

An haifi John Ambrose Fleming a garin Lankasta na ƙasar Ingila, ran 29 ga Nuwamba, 1849. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya bakwai. Mahaifinsa fasto ne, kuma Fleming yana ƙarami aikin ikilisiya ya mai da iyalin birnin Landan. Tun yana ɗan shekara 11 yake da wurin da yake ƙera ƙananan jiragen ruwa da injuna na wasa, har ya haɗa na'urar ɗaukar hoto da hannunsa. Burinsa shi ne ya zama injiniya, amma albashin fasto mai 'ya'ya bakwai ba zai iya ɗaukar kuɗin koyon wannan aiki ba.

To, sai ya bi doguwar hanya. Ya yi karatu, in kuɗi sun ƙare ya nemi aiki, in ya tara abin da ya tara ya koma aji. Ya yi akawu a Landan, ya kuma yi koyarwa a makarantun sakandare. Ya sami digirinsa na farko a Kwalejin Jami'a ta Landan a 1870. Sai a 1877, yana dab da cika shekara 28, ya shiga Jami'ar Kambirij domin ya zauna gaban James Clerk Maxwell, masanin da ya tsara lissafin lantarki da maganaɗisu. Darussan Maxwell suna da wuya ƙwarai, ɗalibai suna gudunsu, har wani lokaci Fleming kaɗai ake samu a ajin. Bai fasa zuwa ba. Maxwell ya rasu a 1879, watau da Fleming ya yi sanyin jiki, da damar ta wuce shi har abada.

A 1882 ya kama aiki da reshen kamfanin Edison na Landan, a lokacin da fitilar lantarki take sabon abu. A can ya san aikin ta fuskar ma'aikaci: janareta, wayoyi, da ƙwan fitila. Bayan haka, a 1885, Kwalejin Jami'a ta Landan ta naɗa shi farfesa na farko a sabon sashenta na fasahar lantarki. Kayan aikin da ya tarar a sashen su ne allo da alli. Bai zauna yana kuka ba. Ya yi ta neman taimako da kayan gwaji, har a 1897 aka kafa ɗakin gwaje-gwaje na Pender a kwalejin.

Ra'ayinsa game da koyarwa shi ne ɗalibin lantarki yana bukatar abu biyu tare, lissafi a ka da gwaji a hannu. Yakan shirya darasinsa tsaf, ya gwada kayan kafin ɗalibai su shigo. Da ya lura suna rikicewa wajen tuna alƙiblar wuta da maganaɗisu da motsi, sai ya ƙago musu dabarar yatsu: hannun hagu ga injin da wuta ke juyawa, hannun dama ga janareta mai ba da wuta. Ya kuma rubuta littattafan karatu da yawa, ya yi wa yara laccocin Kirsimeti a Royal Institution ta Landan har sau huɗu.

A 1899 kamfanin Marconi ya ɗauke shi mai ba da shawara kan kimiyya. Guglielmo Marconi, ɗan ƙasar Italiya, yana so ya aika saƙo ba tare da waya ba daga wannan gaɓar tekun Atlantika zuwa waccan. Fleming ne ya tsara manyan injunan tashar aikawa da aka gina a Poldhu, a kudu maso yammacin Ingila. Marconi ya ba da sanarwar cewa ran 12 ga Disamba, 1901, ya ji alamar harafin S a Newfoundland, nisan sama da kilomita 3,000. Duniya ta yaba wa Marconi, sunan Fleming kuwa bai fito sosai ba. Abin ya yi masa zafi, amma ya ci gaba da aikinsa.

Babbar matsalar lokacin ita ce na'urar karɓar saƙo. Igiyar rediyo tana haifar da wuta 'yar kaɗan a cikin eriya, mai kai da komowa da saurin gaske, kuma ma'aunin da ake da shi ba ya iya nuna irin wannan wuta, sai wadda take tafiya gefe guda. Ga shi Fleming yana fama da rashin ji sosai, don haka ya fi son na'urar da zai gani da ido a kan wadda zai saurara.

Sai ya tuna wani abu. Shekaru da dama kafin nan, Thomas Edison ya lura cewa in aka sa ƙaramin faifan ƙarfe cikin ƙwan fitila, wuta tana tsallakawa daga zazzafar wayar ƙwan zuwa faifan, alhali ba su taɓa juna ba. Fleming ya taɓa yin bincike a kan wannan, ya ajiye ƙwayayen gwajin cikin kabad. A 1904 ya ɗauko su. Ga yadda abin yake: an zuƙe iskar cikin ƙwan, in wayar ta yi zafi sai ta riƙa fitar da ƙananan ƙwayoyin wuta da ake kira ilaktiron. Faifan yana jawo su, amma da yake shi ba shi da zafi, ba ya mayar da su. Saboda haka wuta tana wucewa ta hanya ɗaya, ba ta dawowa. Ya kira na'urar bawul, domin aikinta irin na bawul ɗin tayar keke ne, iska ta shiga amma ba ta fita. Ran 16 ga Nuwamba, 1904, ya nemi takardar mallakar wannan ƙirƙira. Masana da yawa suna lissafa farkon ilmin ilaktironik daga nan.

A 1906 wani Ba'amurke, Lee de Forest, ya ƙara waya ta uku cikin ƙwan, abin da daga baya ya ba da damar ƙara wa sigina ƙarfi. An daɗe ana shari'a kan mallaka, har a 1943 Kotun Ƙoli ta Amurka ta soke takardar Fleming a ƙasar. Duk da haka bawul ne ya riƙe rediyo da talabijin da kwamfutocin farko, kafin taransista, wadda aka ƙirƙiro a 1947, ta maye gurbinsa. Dattawa suna tuna tsohuwar rediyo da sai an jira ta ɗauki zafi kafin ta yi magana. Bawul ɗin ake jira. Yau ƙaramin dayod da ke cikin cajar waya yana yin aikin da ƙwan Fleming ya fara.

Fleming ya yi ritaya a 1926 bayan koyarwa ta fiye da shekara 40, aka ba shi lambar girma ta Sir a 1929. Kirista ne mai riƙo da bangaskiyarsa. Bai haihu ba, kuma ya bar yawancin dukiyarsa ga ƙungiyoyin Kirista masu taimakon matalauta. Ya rasu a garin Sidmouth ran 18 ga Afrilu, 1945, yana da shekara 95.

'Yan'uwa ɗalibai, musamman masu barinmu bana, wasunku daga Furfuri ko Tsafe ko Bunguɗu za su nufi Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wasu 'yan matanmu kuma Kwalejin Ilmi ta Fasaha da ke Gusau. Wasu kuwa rashin kuɗi zai sa su dakata, su zauna a shagon mai gyaran rediyo tukuna. Kada wanda ya dakata ya ɗauka an rufe masa ƙofa, Fleming ma sai da ya kusa shekara 28 ya sami malamin da yake nema. Mai gyara ya nemi sanin lissafin abin da yake liƙawa da dalma, ɗan kwaleji kuma kada ya ji kunyar ɓata hannunsa a ɗakin gwaji. Wanda kuma aka tura koyarwa a makarantar da ba kome sai allo da alli, to, da su Fleming ya fara. Allah Ya ba mu himma.