Sharl de Fuko, Bafaranshen Da Ya Rubuta Ƙamus Ɗin Buzaye

Duk wanda ya kai kaya Tamanrasat, ko ya bi ta can zai je Abalessa ganin kushewar Tin Hinan, ƙila ya ga wani tsohon ginin ƙasa mai kama da ganuwa a cikin gari. A ƙofarsa aka harbe Sharl de Fuko ran 1 ga Disamba, 1916.

An haife shi a Sitirasbur ta ƙasar Faransa a 1858. Ya yi soja, ya watsar da dukiyar gado wajen sharholiya, sa'an nan ya zagaye Maroko daga 1883 zuwa 1884 cikin shigar malamin Yahudawa. Daga bisani ya zama limamin Kirista, ya sauka Tamanrasat a 1905, lokacin garin bai wuce 'yan bukkoki ba, da yardar sarkin Buzayen Ahaggar, Musa ag Amastan.

Wa'azi ya kawo shi, amma harshe ne ya cinye masa shekara 11. Kullum yana zaune da Ba-Hammu, magatakardan sarki, suna bin Tamahak kalma-kalma, yana juya ta da Faransanci: sunayen raƙuma, rijiyoyi, iska, ciyawa. Ya tattara baitocin waƙa kusan 6,000, har da na shahararriyar mawaƙiya Dasin. A farin 1908 da ciwo ya kwantar da shi, Buzayen ne suka yi ta neman nonon awaki suka ceto shi. Amma fa kada a manta, mutumin sojan Faransa ne, yana aika musu labarin ƙasar, shi ya sa har yau ake jayayya a kansa.

Ƙamus ɗin ya fito a 1951 da 1952, juzu'i 4, shafi sama da 2,000, da rubutun hannunsa. Mu Hausawa muna da rabo a wannan harshe. Masana sun nuna takobi da raƙumi daga Buzaye muka aro su. Takarda ma haka, su kuma asalinta sun samo ta daga Latin, uwar Faransanci. Ashe takardar da ɗan duwan ke tambayar fatake a Assamaka ta riga Faransawa ƙetare Sahara.

Ya gama kwafe waƙoƙin kwana 3 kafin a kashe shi.