Charles Lwanga: Bafaden da ya bijire wa sarkinsa, aka ƙona shi da ransa

Duk ranar 3 ga watan Yuni hutu ce a ƙasar Uganda. A ranar, garin Namugongo da ke da nisan kimanin kilomita 15 daga Kampala kan cika ya batse da masu ziyarar ibada, wasu ma sai sun shafe makonni suna tafiya a ƙafa daga Kenya da Tanzaniya da Kwango kafin su iso. Daga Najeriya ma mabiya ɗarikar Katolika kan je rukuni-rukuni.

Abin da ke tara su shi ne tunawa da wasu matasa da aka ƙona a wurin a shekarar 1886. Jagoransu, Charles Lwanga, bai wuce shekara 26 ba a lokacin, kuma ko wata bakwai bai cika da yin baftisma ba.

Fiye da shekara 130 bayan mutuwarsa, sunansa na ci gaba da fitowa duk lokacin da aka tayar da muhawara kan matsayin Cocin Katolika game da luwaɗi, musamman a Afirka.

Daga filin kokawa zuwa fada

An haifi Lwanga a wajajen shekarar 1860 a masarautar Buganda, wadda ke gaɓar Tafkin Victoria. Ya taso yana yi wa wani basarake hidima a yankin Buddu, ya kuma yi suna a fagen kokawa. A 1884 ya shiga fadar Kabaka, wato sarkin Buganda.

A al'adar masarautar, hakimai da manyan dangogi kan aika 'ya'yansu maza fada su zama yaran sarki. A can suke koyon biyayya da sha'anin mulki, kuma daga cikinsu ake zaɓar hakiman gobe. Yaran sun kai ɗaruruwa. Rayuwarsu da mutuwarsu na hannun Kabaka, domin a Buganda ta wancan zamani babu mahaluƙin da ke da hurumin ƙin umarnin sarki.

Sai dai Lwanga ya tarar da fadar da addinai uku ke gogayya a cikinta. Musulunci ne ya fara zuwa ta hannun fataken Zanzibar tun wajajen 1844. Sarki Mutesa na Farko ya shafe shekaru yana azumin Ramadan, amma ya ƙi yarda a yi masa kaciya. Da wasu yaran fada Musulmi suka ƙi cin yankan mahautan sarki, suka kuma ƙi bin sa sallah, sai ya sa aka kashe kimanin 70 daga cikinsu a wajajen 1876. Wannan ne karo na farko da yaran fada suka fifita dokar addini a kan maganar Kabaka, kuma da ransu suka biya.

Turawan mishan na Cocin Angilika sun iso daga Ingila a 1877. A watan Fabrairun 1879 kuma limaman Katolika Faransawa suka sauka, cikinsu har da Fada Siméon Lourdel, wanda mutanen ƙasar suka laƙaba wa suna Mapeera. Mutesa ya iya zama da dukkansu, yana jan wannan yana sakin wancan, har ya rasu a watan Oktoban 1884.

Sarki matashi mai cike da fargaba

Ɗansa Mwanga na Biyu ya gaje shi tun bai kai shekara 20 ba. Ya hau karaga ne gab da lokacin da Turawa za su zauna a Berlin su tsara yadda za su raba Afirka, Jamusawa kuma sun fara mamaye ƙasashen da ke kudu da shi. Mwanga ya lura cewa yaransa da ke zuwa karatu wurin 'yan mishan sun sami wasu shugabannin ban da shi, kuma asirin fada na isa kunnen baƙi.

Akwai kuma wata matsalar ta cikin gida. Shaidun da suka rayu a fadar, da rubuce-rubucen 'yan mishan na ɓangarorin biyu, sun nuna cewa Mwanga, duk da yana da mata da yawa, yakan nemi yaran fada da lalata. Waɗanda suka karɓi sabon addini an koya musu cewa wannan zunubi ne babba, don haka suka fara ƙi.

Babban mai kula da gidan sarki a lokacin, Joseph Mukasa Balikuddembe, ɗan Katolika ne, kuma Lwanga a ƙarƙashinsa yake aiki. An ruwaito cewa idan sarki ya aika a kira wani yaro, Mukasa kan tura yaron wani aike mai nisa, ko ya ɓoye shi har sai ran sarki ya huce.

A ƙarshen watan Oktoban 1885 aka kashe Bishop James Hannington na Angilika a Busoga bisa umarnin Mwanga, saboda ya biyo ta gabas, hanyar da mutanen Buganda suka yi imani cewa ta nan mai cin ƙasarsu da yaƙi zai ɓullo. Mukasa ya fito fili ya faɗa wa sarki cewa bai kyauta ba. Waziri, wanda ake kira Katikkiro, dama yana jin haushinsa, sai ya sami abin da yake nema. Ranar 15 ga Nuwamban 1885 aka fille wa Mukasa kai, aka ƙona gawarsa.

A daren da aka yi wannan kisa Lwanga ya tafi wurin limaman Katolika ya nemi a yi masa baftisma, aka ba shi suna Charles. Ya san abin da ya faru da maigidansa sa'o'i kaɗan kafin nan. Nauyin yaran babban zauren sarki ya dawo kansa, shi kuma ya ci gaba da abin da Mukasa ya fara: yana karantar da su a ɓoye, yana kuma kauda su daga idon sarki.

Daren Munyonyo

A watan Fabrairun 1886 gobara ta cinye fadar Mengo, sarki ya koma da zama Munyonyo a bakin tafki. Ranar 25 ga Mayu ya dawo daga farautar dorina bai samo komai ba, ya kuma tarar babu yaran da za su tarbe shi. Da ya bincika sai ya gano cewa wani yaro mai suna Denis Ssebuggwawo na koya wa Mwafu, ɗan waziri kuma na hannun daman sarki, karatun addini. Mwanga ya soki Denis da mashi, ya miƙa shi ga masu kisa, aka rufe ƙofofin fada.

Lwanga ya fahimci cewa ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ba limami ba ne, amma a koyarwar Katolika kowane mutum na iya yi wa wani baftisma idan ana fargabar mutuwa. A wannan dare ya yi wa wasu yara da ke hannunsa, cikinsu har da Kizito mai kimanin shekara 14. An ce ya yi wa yaron alkawarin cewa zai riƙe hannunsa idan lokacin ya zo.

Da gari ya waye sarki ya tara yaran fada, ya ce duk masu yin addu'ar Kirista su ware gefe guda. Lwanga ne ya fara miƙewa, Kizito na biye da shi. Aka tambaye su ko za su bar addinin, suka ce ba za su bari ba. Nan take aka yanke musu hukuncin ƙonawa.

Fada Lourdel na tsaye a harabar fada lokacin da aka fito da su a ɗaure. Ya rubuta daga baya cewa an ɗaure su tamau har suna tuntuɓe da juna, kuma ya ga Kizito yana dariya kamar wasa ake yi.

Mako guda a hannun hauni

Aka tasa su a ƙafa zuwa Namugongo, inda aka saba zartar da hukuncin kisa. Wasu ba su kai ba. An kashe Gonzaga Gonza a kan hanya bayan da ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa. Matthias Mulumba, wanda dattijo ne kuma alƙali a yankinsa, an sassare masa gaɓoɓi aka bar shi ya yi kwanaki kafin rai ya yi halinsa.

Sauran sun yi kusan mako guda a tsare ana tara itace. Babban hauni, Mukajanga, yana da ɗa a cikinsu mai suna Mbaga Tuzinde. Ya yi ta lallashinsa ya janye, ya ma yi masa tayin ɓoye shi, yaron ya ƙi. Abin da uban ya iya yi masa kawai shi ne ya sa a buge shi a ƙeya ya mutu kafin a jefa shi wuta.

Ranar 3 ga Yunin 1886 aka ware Lwanga shi kaɗai. An ruwaito cewa da kansa ya nemi ya jera itacen da za a kwantar da shi a kai. An kunna wutar daga ƙafafunsa, aka bar ta tana ci a hankali. Sauran kuma aka naɗe su cikin tabarmin kara, aka jera su a kan wuta guda, 'yan Katolika da 'yan Angilika tare.

An yi wa mutum uku afuwa a wurin. Ɗaya daga cikinsu, Denis Kamyuka, ya rayu ya ba da shaida, kuma mafi yawan abin da aka sani game da wannan rana daga bakinsa ya fito. Daga 1885 zuwa Janairun 1887, sunayen mutum 45 aka tabbatar: 'yan Katolika 22 da 'yan Angilika 23.

Ƙarshen Mwanga

Kisan bai dawo wa sarki da ikonsa ba. A 1888 Musulmi da Kiristocin fada suka haɗa kai suka tumɓuke shi, daga bisani kuma suka juya wa juna baki. Mwanga ya dawo mulki da taimakon Kiristoci. A ƙarshen 1890 wani hafsan Ingila ya iso Buganda da bindiga mai jigida, ya mara wa 'yan Angilika baya a yaƙin Mengo na 1892. Wannan hafsa shi ne Frederick Lugard, wanda bayan shekara 11 dakarunsa suka ci Kano da Sakkwato.

Mwanga ya yi wa Turawa tawaye a 1897, suka kama shi a 1899, suka kai shi tsibirin Seychelles. A can ya mutu a 1903, bayan shi ma an yi masa baftisma a Cocin Angilika da suna Daniel.

Yadda Coci ta ɗauki labarin

Fafaroma Benedict na 15 ya ɗaga darajar mutum 22 ɗin a 1920, kuma Denis Kamyuka ya halarci bikin a Roma. A 1934 Fafaroma Pius na 11 ya ayyana Lwanga a matsayin abin koyi ga matasan Katolika na Afirka. Ranar 18 ga Oktoban 1964 Fafaroma Paul na 6 ya sanya su cikin waliyyan Coci, ya kuma ziyarci Uganda a 1969. John Paul na 2 ya je Namugongo a 1993, Francis kuma a 2015. A Najeriya ma akwai majami'u da makarantu da dama masu sunan Lwanga da Kizito.

Masana tarihi sun rabu kan ainihin abin da ya jawo kisan. Wasu na ganin ƙin biya wa sarki buƙatarsa shi ne ashanar da ta kunna wutar. Wasu na ganin siyasa ta fi nauyi, suna kafa hujja da cewa Mutesa ya kashe yara Musulmi shekara goma kafin nan ba tare da maganar lalata ta shigo ba, kuma cikin waɗanda Mwanga ya kashe akwai manya irin su Mulumba waɗanda ba yaran ɗakinsa ba ne. A wurin masu wannan ra'ayi, laifin da sarki ya gani shi ne an sami bawan da ke da wani ubangida sama da shi.

Wannan saɓani ya shigo muhawarar yau. Limamai da 'yan siyasa da dama a Uganda kan kawo sunan Lwanga a matsayin hujjar cewa Kiristocin Afirka na farko sun zaɓi mutuwa a kan su amince da luwaɗi. Masu kare haƙƙin 'yan luwaɗi kuma na cewa abin da ya faru a fadar Mwanga tilastawa ce daga mai iko a kan yaran da ke ƙarƙashinsa, wasunsu ƙanana, don haka bai dace a gwama shi da batun manya biyu ba. Suna ƙarawa da cewa labarin ya karya da'awar cewa Turawa ne suka kawo ɗabi'ar Afirka.

Koyarwar Cocin a hukumance, kamar yadda take a littafin aƙidarta na 1992, ita ce aikata luwaɗi zunubi ne da ba a amince da shi ta kowace fuska, amma wajibi ne a mutunta masu wannan hali, kada a zalunce su. Aiki da ɓangarorin biyu lokaci guda shi ne ke raba kawunan shugabanninta. A Janairun 2023 marigayi Fafaroma Francis ya ce bai kamata ƙasashe su mayar da luwaɗi laifin da doka ke hukuntawa ba. Bayan wata huɗu Shugaba Yoweri Museveni ya sa hannu kan dokar da ta tanadi har hukuncin kisa a wasu nau'o'in laifin.

A watan Disambar wannan shekarar Vatican ta fitar da takardar da ta ba limamai damar sa wa masu zaman jinsi ɗaya albarka, ba tare da ɗaukar zaman nasu a matsayin aure ba. Bishop-bishop na Najeriya na cikin waɗanda suka fara cewa ba za a yi haka a majami'unsu ba. A Janairun 2024 ƙungiyar bishop-bishop ta Afirka baki ɗaya, ƙarƙashin Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa, ta sanar da irin wannan matsayi, kuma Roma ta ƙyale su a kai.

Lwanga bai bar rubutu ko wa'azi da kowane ɓangare zai iya jingina da shi ba. Abin da shaidu suka tabbatar a kansa shi ne an damƙa masa amanar yara a gidan da ba a musa wa maigida, ya kare su iya ƙarfinsa na tsawon wata shida, kuma da aka ce masu addu'a su fito, shi ya fara tashi. Babbar majami'ar da aka kammala a Namugongo a 1975, mai siffar bukka da ginshiƙai 22, an kafa bagadinta ne a daidai wurin da aka ƙona shi.