John von Neumann: Masanin da ya hango ƙwayar cutar kwamfuta

A watan Disambar 1949, lokacin da kwamfutocin duniya ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba, wani masanin lissafi ya gabatar da laccoci a Jami'ar Illinois ta Amurka a kan wata tambaya da ta yi kama da tatsuniya: shin na'ura za ta iya haifar irinta?

Amsar da John von Neumann ya bayar ita ce masana ke kallo a matsayin tushen ilimin ƙwayoyin cutar kwamfuta, duk da cewa shi kansa bai taɓa ganin ko ɗaya ba.

An haife shi ranar 28 ga watan Disambar 1903 a birnin Budapest na ƙasar Hungary, a gidan wani attajirin Bayahude ma'aikacin banki. Tun yana yaro aka san shi da kaifin hadda da iya lissafi da ka. Mahaifinsa bai ga abin cin abinci a lissafi ba, don haka yaron ya karanci injiniyancin sinadarai a Zurich, amma bai saki lissafin ba, har ya sami digirin digirgir a kansa a Budapest a 1926.

A 1930 ya tafi Princeton a Amurka, kuma a 1933 ya zama ɗaya daga cikin shehunan malamai na farko a Cibiyar Zurfafa Bincike da ke can, tare da Albert Einstein.

Yaƙi da kwamfuta

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kai shi ga kwamfuta. Daga 1943 ya yi aiki a Los Alamos, inda aka ƙera bam ɗin nukiliya, kuma lissafinsa ya taimaka wajen tsara irin wanda aka jefa a Nagasaki. Aikin yana buƙatar lissafin da ya fi ƙarfin hannun ɗan Adam.

Na'urar ENIAC ta wancan zamani, idan ana so ta yi sabon aiki, sai an sauya mata wayoyi da hannu, abin da kan ɗauki kwanaki. A 1945 von Neumann ya rubuta rahoto kan wata sabuwar na'ura mai suna EDVAC, inda ya bayyana yadda za a ajiye umarni da bayanai wuri guda a ƙwaƙwalwar na'ura. Rahoton ya fita da sunansa shi kaɗai, lamarin da ya ɓata wa Presper Eckert da John Mauchly rai, domin su ne suka ƙera ENIAC, kuma suna da hannu dumu-dumu a wannan tunani.

Wannan tsari ne akasarin kwamfutoci da wayoyin salula ke bi har yanzu. Sai dai a nan gizo ke saƙar: tunda umarni shi ma bayani ne da ke ajiye, ana iya kwafe shi, ana iya sauya shi, kuma wata manhaja za ta iya cusa kanta a cikin wata.

Na'ura mai haihuwa

A laccocinsa da rubuce-rubucen da suka biyo baya, ya nuna cewa na'ura mai haifar irinta tana buƙatar rubutaccen bayanin siffarta, wanda za ta yi amfani da shi sau biyu. Da farko za ta karanta shi a matsayin umarnin gina sabuwar na'ura, sannan ta kwafe shi yadda yake, ba tare da fassara ba, ta miƙa wa 'yar da ta haifa. Da shawarar abokinsa Stanislaw Ulam, ya tsara ta a takarda, a kan fili mai gidaje kamar na dara, kowane gida yana iya kasancewa cikin ɗaya daga yanayi 29.

Halittu masu rai yake son fahimta, ba ɓarna ba. Kuma ya yi wannan tunani ne tun kafin James Watson da Francis Crick su bayyana siffar DNA a 1953, wadda ta zo da tsari mai kama da nasa.

Bai kammala aikin ba. A 1955 aka naɗa shi a Hukumar Makamashin Nukiliya ta Amurka, a shekarar kuma aka gano yana da cutar daji. Ya mutu ranar 8 ga watan Fabrairun 1957 a asibitin soja na Walter Reed da ke Washington, yana da shekaru 53. Arthur Burks ne ya tattara rubuce-rubucen ya wallafa su a 1966.

Shekaru biyar bayan haka, manhajar gwaji ta Creeper ta fara yawo tsakanin kwamfutocin ARPANET, kakar intanet. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a Lahore ta Pakistan suka rubuta Brain, wadda ta bi faifai ta bazu a ƙasashe. A 1988 tsutsar Morris ta durƙusar da kwamfutoci kimanin 6,000.

A 2010 kuma aka gano Stuxnet, tsutsar da aka ƙirƙira don lalata injinan tace sinadarin yuraniyom a Natanz ta ƙasar Iran, inda fannoni biyu da von Neumann ya yi wa hidima suka haɗu a wuri guda.